Darasin Iyali: A Kwashe Tsohon Abinci Tun Yana da Amfani

Karatu: Fitowa 16:13-21, Firistoci 19:9-10, Malakai 1:6-8, Yahaya 6:10-13

Ayar haddacewa: Firistoci 26:10

Manufa: Iyali su san lokacin da ya kamata a kwashe tsohon abinci daga wurin ajiya, su kuma iya rarrabe abin da za a ci, da abin da za a bayar, da abin da ya zama dole a zubar.

Gabatarwa

Kowane gida yana da wurin ajiyar abinci. A ƙauye rumbu ne, a birni kuwa sito ne ko kabad na kicin, a wani gidan ma ƙarƙashin gado ne. In aka tambayi uwargida abin da ke ciki, nan da nan za ta lissafa na bakin ƙofa, wato wanda ake taɓawa kullum. Amma can ƙurya akwai ragowar masarar bara, da wake mudu biyu wanda ƙwari suka fara mai da shi gari, da gwangwanin madara tun na Kirsimeti, da busasshen kifi wanda aka mance da shi cikin leda. Ba mai marmarin cinsu, ba kuma mai ƙarfin zuciyar zubar da su. Haka za su zauna har ranar da aka bukaci wuri. A ranar ce akan kwashe su cikin gaggawa, a miƙa wa yarinyar da ke taya aiki, ko mai bara a bakin ƙofa, ko a watsa wa kaji, wani lokaci ma a ƙulle su a kai majami'a ranar godiyar girbi.

Wannan al'amari ya fi ƙarfin maganar tsaftar ɗaki kawai. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa, a cikinsu har da yara 125,000 'yan ƙasa da shekara biyar. A ɗaya gefen kuma, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 an yi asarar abinci fiye da tan biliyan ɗaya a duniya, kashi 60 cikin 100 kuwa daga gidaje ya fito. Saboda haka laifi biyu ne suke jiranmu a ƙofar sito: barin abinci mai kyau ya lalace alhali maƙwabci yana da yunwa, da kuma ciyar da mutum abin da ya riga ya zama guba. Maganinsu ɗaya ne, wato a duba ajiya a kan kari.

1. Abin da karatunmu ya nuna

A cikin ayar haddacewa, ɗaya daga cikin albarkun da aka yi wa Isra'ilawa alkawari ita ce, za su ci tsohon hatsi har sai sun fitar da shi domin sabo ya sami wuri. Ashe kwashe tsohuwar ajiya aiki ne da yake tafiya tare da albarka. Wanda aka ba shi yalwa, an ba shi hakkin lura da ita.

A Fitowa sura 16 an gargaɗi jama'a kada su bar manna ta kwana, amma waɗansu suka ɓoye saboda tsoron gobe. Da gari ya waye sai suka tarar ta yi tsutsa, tana wari. Tanadi abu ne mai kyau, gama ta wurin tanadin Yusufu ne Masar ta tsira daga yunwar shekara bakwai. Amma tanadin Yusufu yana da ranar buɗewa. Ajiyar da ba ta da ranar buɗewa, tsutsa da ɓera ne magadanta.

Firistoci 19 ta umarci manomi ya bar gefen gonarsa da kala domin matalauci da baƙo. Mu lura da kyau, matalauci yana samun rabonsa ne a lokacin girbi, daga hatsin da mai gona kansa zai ci. Ta wannan hanya ce Rut ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi. A Yahaya sura 6 kuwa, bayan da mutum dubu biyar suka ci suka ƙoshi, Yesu ya sa aka tattara ragowar har kwando goma sha biyu don kada kome ya ɓata. Annabi Malakai kuma ya tsauta wa masu kawo makauniyar dabba da gurguwa da marar lafiya domin hadaya, ya tambaye su ko mai mulkinsu zai karɓi irin wannan kyauta. Wannan tambaya tana nan daram a kan duk wanda yake kai wa gwauruwa ko fasto abin da shi kansa ya ƙi ci.

2. Lokacin da ya dace

Ya kamata a yi babban dubawa sau biyu a shekara. Na fari wajen Maris ko Afrilu, kafin damina ta sauka, gama laimar damina ita ce take tayar da funfuna a cikin hatsi da gari. Na biyu wajen Satumba ko Oktoba, kafin sabon amfanin gona ya shigo, domin kada ƙwarin tsohon buhu su koma cikin sabo.

Dubawar farko ita ce ta fi amfani ga maƙwabta. Kowa ya sani daga Yuni zuwa Agusta ne abinci yakan yi tsada, rumbunan masu ƙaramin ƙarfi kuma sukan ƙare. Iyalin da suka auna ajiyarsu a Afrilu za su san ko hatsinsu zai kai su kaka, su kuma san yawan abin da zai ragu. Wannan ragowar, in an bayar da ita a Yuli, abinci ce. In aka riƙe ta har Nuwamba, sau da yawa dusa ce da ƙwari.

A zaɓi ranar da ake rana sosai. A fitar da kome da kome waje, a shimfiɗa tabarma ko leda, kada a bar ko ƙulli ɗaya a ciki. Maigida ma ya sa hannu, domin shi ne yakan sayo buhu, ya kamata ya ga abin da ya faru da shi. A sa yara su karanta kwanan watan da ke jikin gwangwani da kwali. Daga nan sai a kasa kayan kashi uku.

3. Kashi na fari: abin da za a fara ci

Nan ne wurin duk abin da yake da kyau amma ya daɗe, ko kwanansa ya kusa cika. A dawo da shi bakin ƙofa, sabo kuma ya koma ƙurya. Ka'idar mai sauƙi ce: abin da ya riga shiga, shi zai riga fita.

Hatsi ko wake wanda ƙwari suka fara taɓawa, amma ba shi da funfuna ko wari, ana iya cinsa. A shanya shi a rana mai zafi, a sheƙe, a tsince. Masana sun nuna cewa in aka baza wake a kan baƙar leda, aka rufe shi da farar leda wadda haske yake ratsawa, aka bar shi kamar awa biyu a tsakar rana, zafin yakan kashe ƙwarin da ƙwayayensu. Gari ya fi tsaba saurin lalacewa, musamman garin masara da na gero, domin man da ke cikinsa yakan juya ya yi ɗaci. Saboda haka a riƙa niƙa abin da za a cinye cikin 'yan makonni kaɗai. Gishiri, da sukari, da zuma sukan daɗe ƙwarai muddin ruwa bai taɓa su ba. Dankalin Turawa wanda ya fara tsiro kaɗan, a yanke tsiron da duk inda ya yi kore a yar, gama wurin yana da guba. Wanda kore ya mamaye shi, ko ya yi yaushi da tsiro mai yawa, a zubar.

Game da kayan kanti, rubutu iri uku ne ake gani. Inda aka rubuta MFD, ranar da aka yi kayan ke nan. Inda aka rubuta Best Before ko BB, ana nufin daga wannan rana ɗanɗanon abin da ingancinsa za su fara raguwa. Inda aka rubuta EXP ko Use By, ana nufin kada a ci bayan ranar. Busasshen abu kamar taliya, wanda ledarsa ba ta huje ba, yakan ciwu ko ya ɗan wuce ranar BB, in kamanninsa da ƙanshinsa ba su sāke ba. Amma madarar jarirai da abincin jarirai, da zarar kwanansu ya cika, magana ta ƙare. A duba kuma ko akwai lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 domin lura da abinci da magunguna. In aka ga alamar an kankare kwanan wata ko an manna wani a kai, kada a amince da kayan.

4. Kashi na biyu: abin da za a bayar

A kowane sito akwai abinci mai kyau wanda iyali ba za su ci ba. Wataƙila likita ya hana maigida sukari ko manja mai yawa. Wataƙila an kawo tsarabar acca ko doya fiye da bukata, ko yara sun tafi makaranta, bakunan gida sun ragu. Irin wannan abinci yana da masu shi, suna kuwa kusa da mu: gwauraye, da marayu, da ɗalibai, da masu jinya a asibiti, da 'yan'uwa waɗanda rikici ya raba da gonakinsu, da maƙwabci ko da ba addininmu ɗaya ba.

Ma'aunin kashi na biyu tambaya ɗaya ce: zan yarda in dafa wa 'ya'yana wannan yau? In amsar ita ce a'a, to, ba abin kyauta ba ne. Mu tuna cewa wanda aka ba shi ba ya iya ƙi, saboda kunya da bukata. Shi ne kuma ba shi da kuɗin asibiti in cikinsa ya ɓaci. Mai ba da ruɓaɓɓen abinci ya raba kansa da shara, an kuma yi masa godiya a kai, amma ya aika da cuta gidan da ba shi da ƙarfin ɗaukarta.

A bayar cikin mutunci. A tsince, a zuba a mazubi mai tsabta, a faɗi gaskiya game da shi, misali, “Mama, wannan wake na bara ne, a fara cinsa.” Kayan kanti kuwa a bayar tun da sauran kwanaki a gaba. Zumuntar Mata da dattawan da suke karɓar kayan godiyar girbi su ma suna da hakki a nan. Su duba kowane buhu da kowane gwangwani kafin a raba, kada kuma a bar kayan su yi wata da watanni a ofishin ikilisiya ana jiran zaman kwamiti.

5. Kashi na uku: abin da ya zama dole a zubar

Wannan shi ne kashi mai wuya, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa zubar da abinci laifi ne. Gaskiya ne. Amma akwai lokacin da abu ya daina zama abinci.

(a) Mai funfuna. Akwai wata irin funfuna da take kama masara, da gyaɗa, da dawa, da agushi, da busasshen barkono, tana haifar da guba mai suna afalatoksin. An gano wannan guba ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960, aka bi sawu aka tarar daga tunkuzar gyaɗar da aka sayo daga Barazil ne. A shekarar 2004, a gabashin ƙasar Kenya, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, bayan sun ci masarar da suka noma da hannunsu, wadda aka adana da sauran laima. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, gama irin masararmu ce, irin ajiyarmu ce kuma. Dafuwa ba ta kashe wannan guba, suya ma haka. In an ci da yawa gaba ɗaya takan lalata hanta nan take. In kuwa ana ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, takan kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wani bincike da aka yi a Benin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna cewa yaran da suke da gubar da yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa.

Saboda haka a tsince duk ƙwayar da ta sāke launi, ko ta motse, ko ta fashe, ko take da ɗaci, a yar. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. In funfuna ta ratsa buhu, har yana warin rima, a haƙura da shi duka. Kada a kai shi injin niƙa, kada a yi kunu ko ƙuliƙuli da shi, kada a sayar da shi da araha. Kada kuma a ba dabbobi, domin yana kashe kaji, a jikin saniya kuwa gubar takan bi ta fito cikin nono. A binne shi da zurfi ko a ƙone.

(b) Wanda ɓera ya taɓa. Zazzaɓin Lasa ya sami sunansa ne daga garin Lassa a Jihar Borno ta yanzu, inda aka fara gane shi a 1969, sa'ad da wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da shi, aka kawo ta Jos, ta rasu a can. A 1970 kuma ya ɗauke Dokta Jeanette Troup a asibitin mishan na Jos. Wani irin ɓera mai yawan nonuwa ne yake ɗauke da cutar, yana kuma yaɗa ta ta wurin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. An fi samun ta da rani. Duk gari, ko garin rogo, ko busasshen kifi, ko wani abin da aka tarar da kashin ɓera a ciki ko alamar haƙorinsa, a zubar. Haɗarin ya fi yawa ga abin da ake ci ba dafuwa, kamar garin rogo da ake jiƙawa a sha.

(c) Mai warin maganin ƙwari. Waɗansu sukan zuba maganin feshi a cikin wake domin ya daɗe. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. In wake ko busasshen kifi yana warin magani, kada a dogara ga wanki. Haka kuma abincin da kananzir, ko fetur, ko maganin ɓera ya zuba a kai. Ƙwayar maganin nan da ake sa wa cikin buhu tana fitar da iska mai kisa, don haka kada a taɓa amfani da ita a ɗakin da mutane suke kwana ko kusa da shi.

(d) Gwangwani da mai. Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya yi tsatsa mai zurfi, ko ya lotsa a bakin murfi, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Ƙwayar cutar da takan yi girma a cikin irinsa tana fitar da gubar da take shanye jiki, kaɗan daga cikinta ya isa kisa. Man gyaɗa ko manja wanda ya juya yana wari, shi ma kwanansa ya ƙare.

(e) Kayan firiji. In an ɗauke wuta, firijin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kuwa kamar awa 48. Nama, ko kifi, ko miya wadda ta narke ta ɗumama, ta kwana a haka, kada a sāke daskarar da ita a ce ta gyaru.

6. Kafin a mayar da kaya

Kada a share kashin ɓera a bushe, domin ƙurar tana iya shiga hanci. A yayyafa ruwan bilic tukuna, a sa leda ko safar hannu, a goge, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. A toshe ramuka, a gyara inda rufi yake yoyo, a bar ɗakin ya bushe sarai. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Maganin feshi, da takin zamani, da kananzir, a nema musu wani wuri dabam.

Hatsi ya bushe sosai kafin a adana shi. Ana iya kiyaye wake da masara ba tare da magani ba, ta wurin hana su iska: a cika jarka mai tsabta ko duro har baki, a rufe kam. Akwai kuma buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu binciken aikin gona na arewacin Kamaru. In an ɗaure kowane riɓi da kyau, ƙwarin sukan mutu don rashin iska. A rubuta wata da shekara a jikin kowane buhu da kowace jarka.

Kammalawa

'Yan'uwa, yawan abin da muka zubar a wannan karo shi ne zai nuna mana yawan jinkirin da muka yi. Kusan duk abin da ya faɗa kashi na uku, wata shida da suka wuce yana cikin kashi na fari ko na biyu. Iyalin da suke duba ajiyarsu a kan kari za su ga kashi na uku yana raguwa kowace shekara, su kuma riƙa sayen abin da za su iya ci kaɗai. Bari kowane gida ya tsai da ranar wannan aiki kafin watan nan ya ƙare, ya kuma rubuta sunan gida ɗaya da zai kai wa rabonsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin tanadin Yusufu da ajiyar waɗanda suka ɓoye manna?
2. Wane abinci ne ya fi lalacewa a gidanmu, mene ne kuma dalili?
3. Don me bai kamata a ba kaji ko shanu hatsi mai funfuna ba?
4. In aka kawo lalataccen abinci ranar godiyar girbi, yaya dattawa za su bi da al'amarin ba tare da an kunyata wanda ya kawo ba?
5. Su wane ne kusa da mu za su bukaci taimakon abinci a tsakiyar damina mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin abincin da kake ba mu. Ka ba mu hikimar lura da abin da ka danƙa a hannunmu, da zuciyar bayarwa tun abin yana da kyau. Ka tsare gidajenmu da na maƙwabtanmu daga cuta. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, Amin.